Abin da Tafinta Ya Haɗiye

Shekara ashirin da biyu Tafinta yana tsayawa a gefen akwatin masu laifi, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ƙara wa maganar mutum gishiri ba. Aikin ke nan: abin da aka faɗa da Hausa ka juya shi zuwa Turanci, ba ragi ba ƙari, don daga alƙali har lauyoyi ba mai jin Hausa. Masinjoji har tsokanarsa suke yi, wai ko tari mai laifi ya yi sai ya fassara.

Ran nan aka kawo wani tsohon direban tifa da ya take yarinya 'yar shekara bakwai a bakin makaranta. Uwarta na zaune a bencin gaba, ta ƙanƙame jakar littattafan yarinyar. Kafin hukunci, alƙali ya tambayi tsohon ko yana da abin cewa.

Tsohon ya ce, "Gaya masa kada ya tausaya mini. Tun da safe na san birkin ya lalace, na fita da motar a haka. A yi mini abin da ya dace."

Tafinta ya dube shi: kai fari fat. Tausayi ya kama shi, wallahi har cikin ƙashi. Wannan in aka ba shi shekara goma, ai gawarsa za a fito da ita. Sai ya ji bakinsa yana cewa da Turanci wai tsohon ya yi nadama, yana roƙon sassauci. Kalmar da ya faɗa sau dubu a madadin wasu, yau ya ɗora ta a bakin wanda bai nema ba. Maganar birki kuwa ya haɗiye ta.

Alƙali ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya ce shekara biyu.

A baranda uwar ta tare Tafinta. Ba ta jin Turanci, amma abin da tsohon ya faɗa ta ji shi tsaf.

"Malam, ka gaya wa alƙali maganar birkin nan?"

Ya ce, "Na gaya masa, baiwar Allah."

"Duka?"

"Duka."

Ta gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta. "To kai ka fita haƙƙina, Allah ya saka maka da alheri. Shi kuwa alƙalin nan, ban yafe masa ba har gaban Allah."