Takobin Wendell da Kuben Harlan

Mijina Wendell bai taɓa yin soja ba, likita ya ce ƙafarsa ba za ta iya fareti ba, amma duk garinmu babu mai takubban soja kamarsa. Ɗakin baƙi ya cika da su, shi ya sa in ƙanwata ta zo daga Ohio a kujerar falo take kwana. Ba a taɓa su sai da farar safar hannu. Ni ma mai sharar ɗakin ina da tawa.

Wanda ya fi ji da shi na wani kyaftin ɗin sojan doki ne, Amos Tillery, wanda yaransa suka ba shi kyauta lokacin yaƙin basasar Amirka. A gwanjon kayan wata gona Wendell ya same shi, tsirara, babu kube. Kuben kuwa yana hannun Harlan Pruitt, wani tsohon likitan haƙori a Maryland, da shi ma wannan cutar ta tara tsoffin makamai ke damunsa. Takobin da kuben kowanne da sunan kyaftin ɗin a jiki.

Duk shekara sai sun haɗu a baje kolin tsoffin makamai na Gettysburg. Wendell ya ce a sayar masa da kube, Harlan ya ce a sayar masa da takobi. Wendell ya ce kube ba takobi ai bututu ne. Harlan ya ce takobi ba kube ai lauje ne. Daga nan su tafi cin abinci tare. Babu wanda ya taɓa zuwa da nasa, kada a ce ya karaya. A bayan teburansu ni da Opal matar Harlan muka zama ƙawaye, har 'ya'yanmu suka yi aure ana wannan ciniki.

Wata safiya Opal ta bugo waya ta ce Harlan ya yanke jiki ya faɗi, ciwon zuciya ne, likitoci sun ce a kira 'ya'ya. Wendell ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da takobin naɗe a cikin bargona mai kyau, muka kama hanya.

A ƙofar asibiti mai gadi ya tambayi abin da ke cikin bargo. Wendell ya buɗe, ya fara yi masa bayanin inda aka ƙera shi da ma'anar zanen ƙotar. Mai gadi ya kira ɗan sanda. Shi ma aka yi masa bayanin tun daga farko, ya saurara da ladabi, sannan ya raka mu muka mayar da shi mota.

Muka tarar da Harlan kwance, an sa masa robobi a hanci. Wendell ya daɗe tsaye a kansa, yana juya hularsa a hannu.

"Kai tsoho, na kawo shi. Yana mota."

Harlan bai buɗe ido ba.

Bai kuma mutu ba. Da aka sallame shi, abin da ya fara tambayar Opal shi ne ko mafarki ya yi cewa Wendell ya kawo takobi. Wendell ya so ya ce shi mai mutuwa ya kai wa, ba mai jinya ba. Na ce masa ya ɗauko makullin mota.

A kan teburin cin abincin Opal aka yi abin, kowa da safarsa. Harlan ya riƙe kube, Wendell ya zura takobi a hankali har ƙota ta zauna. Idon Harlan ya kawo ruwa, ya ce magungunan da yake sha ne. Can Wendell ya ja, takobi ya ƙi fitowa. Ashe fatar kuben ta tsuke saboda daɗewa. Opal ta ce a ɗiga man girki, ni kuma na ce kowa ya kama gefensa ya ja. Suka dube mu kamar mun zagi iyayensu. Wani masani da suka kira a waya ya ce in aka matsa fatar za ta yage, a bar shi haka.

"To yanzu na wane ne?" in ji Opal.

Harlan ya ce abin da ya shiga kubensa da ƙafarsa ai baƙonsa ne. Wendell ya ce takobinsa ne ya sa riga. Sai da kek ɗin tuffa ya ƙare sannan suka yarda takobin ya riƙa yin wata ɗaya a can, wata ɗaya a nan.

An hana Harlan tuƙi, don haka mu ke kaiwa, mu ke ɗaukowa. Ran Lahadin da ta wuce za mu kai takobin, mun yi nisa sosai Wendell ya tuna ya bar shi a kan gado. Na tambaye shi ko mu juya, ya ce Opal ta riga ta sa kaza a wuta. Sai da muka tashi komawa gida Harlan ya tambayi takobin.