Injin da Ke Cin Hayaƙi

Isyaku na cikin tura karan dawa a wuta motar Injiniya Adawiyya ta tsaya a bakin gonarsa da ke Balan.

Ita ce ta zo daga jami'a bayan girbi, ta roƙi gefen gonar ta kafa injin gwaji. Ta ce da wutar sola yake aiki, yana zuƙe iskar kabon, irin wadda ke cikin hayaƙi, ya mayar da ita mai. Duk abin da ya ɗiga na Isyaku ne. Da wannan alkawari ya dasa albasar rani, yana ganin injin ban-ruwansa ya rabu da gidan man Gaya. Sai dai injin Injiniya bai san sauri ba, ita kuwa albasa ba ta san haƙuri ba. Ganyenta ya fara kwanciya don rashin ruwa, Isyaku ya tsorata ƙwarai, don ita ce abincin gidansa har damina.

Sai ya yi tunani irin na maigida: baƙo ba ya cewa yana jin yunwa. Ya shiga ƙona karansa a gindin injin. Maƙwabta suka kawo gudummawa, Hansai mai ƙuli-ƙuli ta dawo da murhunta nan, wani bawan Allah daga Ajingi ya aiko da tsohuwar taya.

Adawiyya ta shafa faifan solar, ta dubi yatsanta, baƙi ƙirin.

"Baba, me ya faru a nan?"

"Ciyar da shi muke yi, 'yata. Na ga kamar ba ya ƙoshi."

"Iskar gari ta ishe shi. Rana yake so, kun rufe masa ita. Matatarsa ma ta toshe, sai an aiko da wata daga Kano."

"Ikon Allah. To, man fa?"

"A wanke faifan nan tukuna. Amma ba zan ɓoye maka ba, Baba, albasar nan ba za ta jira ba."

Ruwan da ya rage masa rabin duro ne. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗauki fartanya ya ja 'yar kwata daga gindin faifan zuwa cikin albasa, ya hau dutse da bokiti ya fara wanki.

Ruwan ya gangara baƙi, ya jiƙa layin farko, ya tsaya.