Ranar da Baba Maitama Ya Koma Bayan Jeri

A ƙungiyar masu babur ta garin Wheaton, can ƙasar waje, shekaru ne ke ba kowa wurinsa a jeri. Sauran ƙungiyoyi kan sa wanda ya fi sanin hanya a gaba. Su kuwa ba sa iya shiga gaban babba ko a kan babur ne, don haka duk Asabar Baba Maitama ke ja, shi da ya kafa ƙungiyar tun yana karanta labarai a gidan rediyo.

A bana jan nasa ya fara ban tsoro. Ya taɓa wuce inda za su sauka daga babban titin Beltway, suka bi shi har jihar Virginia. Wata Asabar ya keta jar danja, rabin jerin suka keta a bayansa, wai ladabi.

Sai 'yarsa Ilham ta kira Mu'awiya, injiniyan da ke tsara fita, ta ce likitan ido ya yi wa Baba magana, shi kuma ya hana a faɗa wa kowa. Mu'awiya ya kwana biyu yana neman yadda zai sauke dattijo daga gaba ba tare da ya kunyata shi ba.

Ranar Asabar suka taru a gaban kantin 'yan Afirka, za su garin Clinton cin naman suna a gidan wani ɗan ƙungiya. Mu'awiya ya cire hular kwano, ya rusuna.

"Baba, alfarma muke nema. Kabir sabon hannu ne. Muna son babba a bayan kowa, ya riƙa lura, in wani ya sami matsala ya tsaya masa."

Baba ya gama sa safar hannunsa a tsanake kafin ya amsa.

"To, madalla."

Tafiyar ta yi kyau, sai dai ba wanda ya ji daɗinta. Duk inda danja ta tsayar da su, sai ka ga sun raɓe gefe, sun bar wa Baba hanya a tsakiya. Bai shiga ba. Mu'awiya kuwa, da ya karɓi ja, kunya ta ishe shi a gaba, kamar wanda ya hau kujerar mahaifinsa yana tsaye.

A Clinton suka kafe babura, aka ƙi shiga gidan sai da Baba ya iso. Ya kashe injin, ya yafito Mu'awiya.

"Ilham ce ta kira ka?"

"Ita ce, Baba."

"Na sani. Tun bara rabona da tafiya mai daɗin wannan. Allunan hanya ba na ganinsu, layin titi ma sai a hankali. Jar fitilar bayan babur ɗin Kabir na bi har nan."

Mu'awiya ya tuna Asabar nawa suka jeru a bayan mutumin nan da gudu, kowa na ganin ya cika tarbiyya.

Baba ya zare makulli, ya juya shi a tafin hannu, sannan ya miƙa masa.

"Ka samo wanda zai mayar mini da shi Wheaton. Ni Ilham za ta zo ta ɗauke ni a mota."