Kofi a Gaban Suruki

Shekarar da kuɗin Udoji suka sa kowane malamin makaranta ya hau babur, Lawwali mai shayi ya dawo daga Kaduna ya kafa rumfa a bakin tashar Ƙanƙara. Tebur ɗaya, benci biyu, ana soya ƙwai, har da wani baƙin abu wai shi kofi. Ranar kasuwa da hantsi magidanta kan zo da 'ya'yansu su karya.

Maharazu na Pauwa ya sha labari har ya gaji. Rannan ya ƙi taɓa kokon matarsa don kada ya ɓata wuri a ciki, ya ɗora 'yarsa Asma'u a keke, sai Ƙanƙara. Aka dire masa burodi da ƙwai da kofi yana tururi. Ya naɗe hannun riga ke nan sai ya ji sallama, muryar da ko a mafarki ya san ta. Baba Almu ne, uban matarsa.

Maharazu ya zame ƙasa ya kwashi gaisuwa. Tsohon ya zauna a bencin da ke fuskantarsa, don babu wani, shi ma aka kawo masa nasa. To, wane marar kunya ne zai buɗe baki ya tauna a gaban surukinsa? Kafin la'asar an kai labarin Pauwa. Maharazu ya tura faranti gaban yarinya, ya ce shi a ƙoshe yake. Cikinsa kuwa ya yi wani ƙugi da ya ƙaryata shi a gaban jama'a.

Asma'u ba ruwanta. Tana ci tana santi.

"Amarya, ba ki sam ma angonki?" in ji kakan, yana tsokanarta.

"Ga naka nan gabanka, ka tsare shi da ido kamar Babana," in ji ta.

Sai a lokacin Maharazu ya lura tsohon ma bai taɓa nasa ba, yana dai ta juya cokali. Ashe shi ma kunyar ce ta ɗaure shi. Tausayi ya kama Maharazu, na kansa da na dattijon, ga ƙwai yana ta ƙarewa.

Can Baba Almu ya ɗauki kofinsa ya juya baya gaba ɗaya, ya ce bari shi sa ido ga jakinshi, ɓarayi sun yi yawa. Kowa ya san da ƙafa ya zo.

Maharazu ya kafa kai. Ɗaci ya game masa baki kamar ya tauna maɗaci, amma ya shanye tas, ya bi da ragowar burodi.

Tsohon, har yanzu yana kallon titi, ya ce, "Amarya, ki ce ma ubanki in ya gama shi yi tari. Wuyana ya ƙage."