Man Fuskar Mai Kwalliya

Mai kwalliya fuskarta ce allon tallarta, ita kuwa wannan mai shagon kwalliya tata fuskar ta ƙi ba ta haɗin kai. Allah ya yi ta da fata mai maiƙo, kafin azahar goshinta ya fara ƙyalli kamar gindin kasko. Shekara da shekaru tana dirzar ta da sabulu sau biyar a yini, maiƙon sai abin da ya yi gaba, har ranar da mai kemis ɗin layinsu ta zaunar da ita.

"Ƙishirwa fatarki ke ji, 'yar'uwa. Kina busar da ita, tana rama miki da mai. Wanki biyu ya isa, sai ki shafa wannan. Ruwa-ruwa ne, ba ya toshe fata."

Wata biyu fuska ta yi luwai-luwai. A na uku ƙuraje suka feso, haɓa da kumatu, ba su bar ko gefen hanci ba. Wata mata ta zauna a kujerar shago, ta dubi fuskar mai kwalliya, ta dubi burushin da ke hannunta, sai ta tuna wai ta bar tukunya a wuta. Kafin ƙarshen mako mata uku sun yi irin wannan mantuwar.

Takaici ya kai mata wuya. Ta je kemis ta wanke matar nan tas a gaban mutane, har da ce mata mai sayar da jabu. Mai kemis ta dai sunkuyar da kai.

Washegari da safe ta manta makullin shago, ta juyo gida. A gaban madubi ta tarar da maigida, magini ne, riƙe da cokalin shayi, yana kwaso wani farin mai mai kauri daga ƙatuwar robarsa yana ɗurawa a 'yar kwalbar man fuskarta. Har da lailaye saman da bayan cokali.

"Baban yara, me nake gani?"

"Au, kin dawo?" Ya ɓoye cokalin a baya, sai ka ce ba a gani a madubi. "Siminti ne ya farfasa min hannu, naki kuma ya fi sanyi. Amma ban taɓa cin amanarki ba, duk abin da na ɗiba sai na mayar."

"Tun yaushe?"

"Bai fi wata guda ba. Ai duk fari ne."

Ta dube shi, ta dubi robar man da yake shafa wa har faso. Ƙuraje dai za su baje, masu tukunya a wuta ma wataƙila su dawo. Abin da ya tsaya mata a rai matar nan ce da ta ci wa mutunci a kan gaskiyarta.

"Sa takalminka."

"Aiki fa zan tafi."

"Kemis za mu. Ɗauko robar."

Suka tarar da wurin cike. Ta buɗe baki ta ce maigida zai yi bayani, sai ta ga mai kemis ko kallonsa ba ta yi ba. Ita take kallo, tana jiran ban haƙuri daga bakinta.