Bango Uku da Fuskar Magajin Gari

…to, tun da sun sauke shi, wa zai mayar musu da bangon? Tambayar ke nan, ita kaɗai. Tun safe take riƙe da ita a baki kamar ƙwayar magani, ta kasa haɗiyewa, ta kasa tofarwa. Tana zaune a bakin gado tana ninke wankin da ta riga ta ninke. Ɗakin nata bango uku ne yanzu. Na huɗun, wanda ya raba ta da titi, mai ƴar tagar da take leƙen duniya ba a ganin ta… babu. Tamfol ne a gurbinsa. Ba ma tamfol na kirki ba, babban ƙyallen yaƙin neman zaɓe ne mai hoton magajin gari, an ɗaure shi sama da ƙasa da igiya.

Murmushi yake yi mata. Kullum. Haƙorinsa ɗaya ya kai tafin hannunta.

Da can titi fuskar take kallo. Ranar da rediyo ya ce kotu ta sauke shi, kafin rana ta karya yara sun fara jifa, wani ya watsa masa ruwan kwata. Maigidanta ya fita, ya kwance igiyoyin, ya juyo da fuskar ciki. Shi ke nan fa. Mutumin da aka kora daga kujerar gari, a ɗakinta ya sauka. A gabansa take kwanciya, a gabansa take tashi. In za ta sauya zane sai ta laɓe bayan durowar kaya — ita da ko gaban uwar mijinta ba ta iya kai loma baki.

Wai zaɓen bai inganta ba. Haka suka ce. Ita karatunta bai yi nisa ba, ba za ta yi musu da masu manyan riguna ba. Sun duba ƙuri'u, sun duba takardu… amma akwai wanda ya ce musu su zo su duba layin nan? Gidaje a jere baki buɗe, kamar an bi su an cire musu haƙoran gaba. Rami a tsakiya, ba titi ba, ba kwata ba.

Jan fenti aka fara shafawa a bangaye. Za a faɗaɗa hanya. Mutanen layi suka ce ba da su ba, kowa ya tsare ƙofarsa. Shi ne fa… shi, maigidanta. Tela ne, shi ya ɗinka tutocin jam'iyya da hulunan samari, yana ganin ya san manya. Gida-gida ya bi. Kaɗan za a ja bangon baya, hukumar gari za ta gina sabo, da siminti, da fenti, ba wanda zai kwana a waje. Suka ce mu gani a ƙasa. Ranar da magajin gari ya zo, sai maigidan ya karɓi guduma da kansa, ya fara da nasu bangon. Bangon da mahaifinsa ya ɗora da hannunsa, tun kafin a haife shi…

Tafi. Masu hoto. Magajin gari ya dafa kafaɗarsa, “Irinku muke nema.” Ya shigo gida da garin siminti har a gashin ido, yana dariya kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ita ma ta yi murna — ƙarya ne ta ce ba ta yi ba. Ta bayan ƙofa take leƙe, ƙirjinta ya cika: nawa ne wannan da ake tafa wa. Inna ce kaɗai, uwarsa, ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon ɓaraguzai. “Ganin hadari dai…” Ba ta ƙarasa ba. Ta sunkuya ta ɗauki guntun bulo, ta shiga ɗakinta da shi. Me za ta yi da shi? Har yau yana ƙarƙashin gadonta.

Muryoyi a waje. Dab da ita, kauri ɗaya na ƙyalle. Ta tsayar da hannu a kan wankin.

“Ina Injiniya yau? Ya tafi ɗauko mana titin ne?” Mai walda ne, ta san tarinsa.

“Ya je auna kan sabon magajin gari, zai yi masa hula,” in ji mai shago. “Amma sassauta, amarya na ciki.”

“Ta ji mana! Ni tawa matar a ina take kwana?”

Takunsu ya yi gaba.

Matar mai walda a gidan iyayenta take kwana, ita da yara, tun da ɓarawo ya yanka tamfol ɗinsu ya zare wayar da ke ƙarƙashin matashinta. To ita amarya me za ta ce? Ta ji haushinsa? Da bakin mijinta aka rushe ɗakin mutumin. Matar tasa da ke turo mata gishiri ta kan katanga, yanzu in sun haɗu a famfo sai ta zuba wa bokitinta ido kamar bokitin zai gudu. Da ba wanda ya san muryarta a layin nan. Yanzu sun san tarinta, sun san launin zanen gadonta, sun san lokacin da suke magana ƙasa-ƙasa da lokacin da suka daina.

An fa kawo bulon. Wannan ne abin da ke ci mata rai. An kawo, an jera a ƙofar kowa, sabo fil, yana warin siminti. Har ruwa take yayyafa wa nasu da sassafe, ta ji an ce yana ƙara ƙarfi. Tana shafa shi kamar… oho. Bayan hukuncin sai ga tifar da ta kawo shi, da ƴan dakon nan dai, suna lodawa. Ɗan kwangila ya ce kayansa ne, bai san wanda zai tsaya masa ba yanzu. Ta wata ƴar ɓula take kallo, kusa da kunnen magajin gari. Bulon da ta shayar. Ko a bangon wa yake yau?

Maigidan ya sa rigarsa mai kyau da safe, ya tafi ofishin gari, wai zai ga mai riƙon ƙwarya. Wasu sun ce za a ɗaukaka ƙara, mutumin zai dawo. Wasu sun ce sabon zai fara da binciken duk aikin da tsohon ya taɓa. Bincike… tana da ɗaki mai bango uku, me kuma za a bincika? Su zo su leƙa, ba sai sun ƙwanƙwasa ba. Amma wa ke son ƙarasa aikin wani? Shi kansa maigidan, a kawo masa rigar da wani tela ya yanka ya fara, sai ya juya ta, ya juya ta, ya ce a mayar wa mai ita. In ta yi kyau sunan wancan ne, in ta ɓaci nasa. Bakinsa ne ya faɗa. Bai tuna ba? Ko ya tuna, shi ya sa ya daɗe yana ɗaura agogo, yana kwancewa…

Ga takunsa. Ba sauri. Ba ta son wannan takun.

“Sannu da zuwa.”

“Yauwa.”

Ta miƙa ruwa. Ya sha rabi. Yanzu ne ya kamata ta tambaya, yanzu, ƙwayar tana kan harshe — sun ce me? yaushe? Idonsa ya yi ja, wuyan rigar ya jiƙe, irin jiƙewar wanda ya yini tsaye a baranda. Bai dube ta ba. Ya buɗe akwatin keken ɗinki, ya ɗauko tef ɗin awo da alli da babban almakashi. Ya nufi ƙyallen.

Cirewa zai yi? Magina ne za su zo? Awon wurin zai kai musu?

A'a… a jikin ƙyallen yake awo. Daga ƙasa zuwa ƙirjinta. Daga kusurwa zuwa nan. Daidai inda tsohuwar tagar take, bai kuskure ba ko da yatsa. Alli yana tafiya a kan kafaɗar magajin gari, layi huɗu, a miƙe, aikin gwani. Hannunsa ba ya rawa. Gara ma ya yi rawa.

“Riƙe min nan,” ya ce, murya can ƙasa. “Zafi ya yi miki yawa a ɗakin. Zan yi masa kalmasa da marfi, in ruwa ya sauko sai ki riƙa rufewa.”

Ruwa?

Damina da sauran watanni. Ko alamar gajimare babu a sama. Ruwa ya ce…

Ta kama gefen ƙyallen da hannu biyu, ta ja shi ya miƙe yadda yake so. Almakashi ya shiga. Hasken titi yana biyo bakinsa kaɗan-kaɗan, yana sauka a kan ƙafafunta. Wani mai wucewa ya rage tafiya. Ba ta da hannun da za ta ja mayafi… tana riƙe. Tana dai riƙe.