Malam Obadiya a Turu

Malam Obadiya ya tuɓe takalminsa na dama, ya naɗe ƙafar wando, ya zauna a gaban gungumen icen.

"Wannan shi ake kira turu, Gwaggo," in ji shi. "Ku duba yadda ake yi."

Ɗakin tsohon kurkuku ne a bayan kotun alƙali ta Tudun Wada. Wani Di'o, Baturen mulki, shi ne ya sa aka tara kayan horon mutanen dā a ciki, su mari da sarƙa da bulalar dorina da takobin hauni, aka ɗora wani tsohon ganduroba, Baba Nagoda, yana gadi. Obadiya, malamin makarantar mishan, ya kawo Edith da yake nema da aure, tare da Gwaggo Suzana wadda ta rene ta. Maganar auren a hannun Gwaggo take, ita kuwa ta riga ta gaya wa Edith cewa yaron nan bakinsa ba ya hutawa. Tun daga ƙofa yake bayani, har Baba Nagoda ya haƙura ya koma kan tabarmarsa.

Obadiya ya zura ƙafa cikin ramin icen, ya ce da tsohon ya rufe. Baba Nagoda ya taso, ya saukar da ƙarfen, ya danna wani tsohon kwaɗo. Obadiya ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda zamani ya ci gaba, sa'an nan ya ce, "To Baba, a buɗe."

"Da me?"

"Da makulli mana."

"Ai haka aka kawo mana shi daga ƙauye, Malam. Ban taɓa ganin makullinsa ba."

"Me ya sa kuka rufe?"

"Kai ka ce."

Edith ta toshe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa. Gwaggo ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. Baba Nagoda ya hau kekensa ya tafi neman maƙeri, Edith ma ta fita ba ta ce inda za ta ba.

Ranar Asabar ce, mutane suna dawowa daga kasuwa. Wani mai jaki ya leƙo ta taga, ya ga mutum da farar taguwa da nakataya a cikin turu, ya kira abokansa. Kafin a jima ɗakin da yakan wuni ba kowa ya cika.

"Ashe har da mai rai suka ajiye," wani ya ce.

"Me ya sata, Inna?" wata mai tallar ƙosai ta tambayi Gwaggo.

"Bai saci kome ba. Surutu ya yi."

"Allah sarki. Turawan nan ba su da wasa."

Ta ajiye masa ƙosai a ganye, ta ce ya ci ya samu ƙarfi. Obadiya ya buɗe baki zai yi bayani, ya dubi Gwaggo, ya fasa. Ya gode wa matar, ya ci.

Maƙerin da Baba Nagoda ya kawo, Sabo, ya tsuguna ya duba kwaɗon, ya ce shi ba zai fasa kayan hukumar En'e ba sai da izini, kada gobe a ce shi ya shiga turun. Nan fuskar Baba Nagoda ta sauya, don idan magana ta kai ofis, aikinsa ne zai tafi. Ya cire hula yana murzawa.

"Kada a kai maganar ko'ina," Obadiya ya ce. "Ba laifin Baba ba ne, ni na sa shi. In ya zama dole in kwana a nan, sai a kawo mini tabarma."

Gwaggo ta ɗago ta dube shi.

Edith ta dawo da kwalbar man gyaɗa da sabulu. Ta durƙusa ta shafe masa ƙafa tun daga idon sawu, yadda take cire wa masu kumburi munduwa a asibitin da take aiki. Sabo da mai jaki suka riƙe gungumen, wasu mutum biyu suka kama Obadiya ta hammata. Aka ja, ya ciji leɓe, ƙafa ta fito da ɗan ƙujewa a dunduniya, su ukun suka zube a kan tabarmar Baba Nagoda. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ta ce an yi masa afuwa.

Da jama'a suka watse, Baba Nagoda ya rako su bakin ƙofa. Ya yi ta godiya, sa'an nan ya rage murya.

"Malam, tun da aka buɗe ɗakin nan ban taɓa ganin mutane haka ba. Ko Asabar mai zuwa za ka sake leƙowa? Ko na ɗan lokaci ne."

"Asabar mai zuwa ba shi da sukuni," in ji Gwaggo tana gyara ɗankwali. "Manyansa za su zo gidanmu."

Ta wuce gaba. Obadiya ya bi bayanta yana ɗingishi, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannun Edith.